SANIN KALMA DA MA'ANARTA: SHAWARA GA MALAMAI DA AKAWUNAN ƘASAR BAGWAI

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a gaban aji, ko ya zauna a teburin ofis yana amsa takardu, ya san Turanci iri biyu ne. Akwai na gaisuwa da ciniki da tambayar hanya, wanda yaro mai kunne yakan tsinta a tashar mota ko a rediyo ba tare da wahala ba. Akwai kuma na takarda, watau wanda ake rubuta doka da shi, da yarjejeniya, da tambayoyin jarrabawa, da gargaɗin da ke jikin kwalbar magani. Na farkon shi ke zuwa da kansa. Na biyun kuwa sai an bi shi kalma kalma, an san ma'anar kowace, an san inda ta tsaya da inda 'yar'uwarta ta fara. A kan wannan na biyun muke so mu yi magana da malaman makaranta da akawuna, musamman na ƙauyuka, domin su ne suke tsaye tsakanin talaka da takarda.

Mun zaɓi ƙasar Bagwai don mu kafa misali da ita. Ƙaramar hukuma ce a arewa maso yamma da birnin Kano, tana maƙwabtaka da Bichi da Shanono. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 162,847 a cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 405, watau gona na haɗe da gona, ƙauye na hango ƙauye. Yaron Gadanya ko Kiyawa ko Rimin Dako da Hausa yake tashi, da ita yake wasa, da ita ake aikensa kasuwa. Turanci kuwa sai a cikin aji. Amma ran da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO, ko ta JAMB ta neman shiga jami'a, takarda ɗaya za a miƙa masa da yaron Legas wanda ya tashi yana jin Turanci a tsakar gidansu. In bai ci Turanci ba, ƙofar jami'a ba ta buɗe masa, ko da ya fi kowa lissafi.

Ba ɗan makaranta kaɗai abin ya shafa ba. Tun da aka gina dam ɗin Watari, mutanen Bagwai suka rungumi noman rani, suna fid da shinkafa da masara da tumatir da albasa. Noman rani kuwa da takardu yake tafe. Kwalbar maganin ƙwari da Turanci ta zo. In aka rubuta "dilute" a jikinta, ana nufin a gauraya shi da ruwa don a rage ƙarfinsa, in kuwa aka rubuta "toxic", ana nufin guba ne. Takardar banki ko ta ƙungiya tana iya cewa "loan", watau rance wanda za a biya, ko "grant", watau tallafin da ba a biya, ko "subsidy", watau an ɗauke wa manomi wani kashi na kuɗin shi kuma ya cika sauran. Manomin da bai yi boko ba wurin malamin makaranta ko akawu zai kai takardar. In mai karantawar ya ɗauki rance a matsayin kyauta, ran biya ba shi za a kama ba, mai gonar za a kama.

HANYAR DA MUKA GADA

Koyon baƙon harshe ta hanyar bayanin kalmomi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, ɗalibi yakan zauna gaban malaminsa a zaure ya karanto Larabci gaɓa gaɓa, malam yana fassara masa, shi kuma yana rubuta ma'anar kalma mai wuya da ƙananan baƙaƙe a tsakanin layuka ko a gefen takarda. Wanda ya so ya ƙware a lugga sai ya kama Maƙamatu na Hariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 1122. Maƙama 50 ya tsara, ya cika su da kalmomin da ba a cika ji ba, masu neman zurfin Larabci kuwa sun daɗe suna komawa gare su. Ita kanta kalmar "ƙamus" daga wannan gado muka same ta. Firuzabadi, wanda ya rasu a Zabid ta ƙasar Yaman a farkon ƙarni na 15, ya sa wa littafinsa na lugga suna Alƙamusul Muhiɗ, watau teku mai kewaye da duniya. Littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan kowane littafi irinsa.

Abin lura a wannan hanya ta zaure shi ne ba a ba ɗalibi kalma tsirara. A cikin jimla yake gamuwa da ita, a ba shi ma'anarta, ya maimaita a gaban malam, gobe kuma ya biya kafin a ƙara masa. Za mu ga a nan gaba cewa masu binciken koyon harshe na zamanin nan kusan nan suka komo.

Da boko ya zo, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa kuma aka fara koyarwa. Turanci sosai sai a gaba, a makarantun Midil, irin ta Kano wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, da Kwalejin Katsina wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewa a 1922. Kwalejin nan ta yi suna wajen koyar da Turanci, ita ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. Amma 'yan kaɗan ne suka sami shiga. Yawancin akawunan En'e na wancan zamani da ɗan abin da suka samu a Elementare ko Midil suka kama aiki, sauran kuwa da ƙamus da naci suka ƙarasa. Yau an daɗe da rushe tsarin En'e, gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi a duk ƙasar, amma takardar ofis har yanzu da Turanci take zuwa.

LITTATTAFAN ƘAMUS DA AMFANIN KOWANE

Ya kamata malami ya san kayan aikinsa kamar yadda maƙeri ya san guduma da awartaki. Ƙamus iri uku ne suka shafe mu.

Na farko shi ne mai juya Hausa zuwa Turanci. Babbansu shi ne na G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, mai kalmomi wajen 39,000. Sai na R. C. Abraham na 1949, wanda aka sake bugawa a 1962. Sai ƙaramin nan na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977, wanda ya shiga makarantu da yawa. Waɗannan suna taimakon wanda ya san abin da yake so ya faɗa da Hausa, yana neman takwaransa.

Na biyu shi ne mai juya Turanci zuwa Hausa, irin Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, da babban nan na Roxana Ma Newman na 1990. Shi ne abokin mai fassara, shi ne kuma tsanin farko na mai koyo.

Na uku shi ne mai bayyana Turanci da Turanci. A nan sai an yi hattara, domin ba kowane ne ya dace da mu ba. Wanda Samuel Johnson ya fitar a Ingila a 1755, da babban ƙamus na Oxford wanda aka fara fitarwa a 1884 aka gama a 1928, don masu harshen aka yi su. Sau da yawa bayaninsu ya fi kalmar da ake nema wuya, har mai koyo ya je neman ma'anar kalma ɗaya ya komo da baƙin kalmomi uku.

Malaman da suka koyar a ƙasashen waje su suka gano maganin wannan. Michael West, wanda ya daɗe yana aikin ilimi a Bengal ta ƙasar Indiya, shi da J. G. Endicott suka fitar da ƙamus a 1935 wanda ya bayyana kalmomi da maganganu wajen 24,000, amma duk bayanin da kalmomi 1,490 kawai aka yi shi. Watau in yaro ya mallaki waɗannan 'yan kaɗan, ya sami mabuɗin sauran. A Japan kuma A. S. Hornby da abokan aikinsa biyu suka fitar da nasu a 1942, wanda kamfanin Oxford ya sake bugawa a 1948, shi ne kakan ƙamus ɗin nan na Oxford na masu koyo wanda malamai da yawa suka sani. Abin da Hornby ya ƙara shi ne nuna yadda kalma take zama a cikin jimla, da irin kalmomin da take tafiya da su. A 1978 kamfanin Longman ya fitar da nasa, ya tsare bayaninsa a cikin kalmomi wajen 2,000. Irin waɗannan su ne ya kamata kowace makarantar sakandare ta ajiye, ko da guda ɗaya ne a kowane aji. Wanda yake da wayar hannu mai intanet yana iya duba su kyauta, har ya ji yadda ake furta kalmar.

Kada kuma mu manta da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, mai bayyana Hausa da Hausa. Yaron da ya saba da bayanin kalma a harshensa ba zai sha wuyar bayani a harshen wani ba.

KALMA NAWA SUKA ISA?

Wannan tambaya tana da amsa, domin an auna. A 1953 West ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi yawan fitowa a Turanci. Su kaɗai sukan ɗauki kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke shafin littafi. Mai karatu zai ce ashe aiki ya kusa ƙarewa. To, a duba da kyau. Kashi 80 yana nufin a cikin kowace kalma biyar akwai baƙuwa ɗaya, kuma sau da yawa baƙuwar nan ita ke ɗauke da nauyin maganar. Paul Nation, wani masani a ƙasar Niyu Zilan, ya nuna a 2006 cewa in mutum zai karanta jarida ko littafi ba tare da taimako ba, sai ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin, watau baƙuwa ɗaya tak a cikin 50. Kaiwa ga haka kuwa yana bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Dangi a nan shi ne kalma da 'ya'yanta, kamar yadda noma da manomi da nomau suke gida ɗaya.

Tsakanin 2,000 da 8,000 akwai tafiya, amma an share wani yanki na hanyar. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta tattara dangin kalmomi 570 waɗanda suke yawan fitowa a littattafan ilimi kowane fanni, irin su "analyse" da "assess" da "define" da "evaluate". Su kaɗai sukan ɗauki kusan kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan littattafai. Malamai za su lura cewa da irin kalmomin nan ake buɗe tambayoyin jarrabawa. Yaro yana iya sanin darasin sarai, amma a ce masa "contrast", watau ya nuna bambanci, shi kuwa ya zauna yana jera kamanni. Ya san amsa, tambayar ce bai ji ba.

Ga lissafi mai sauƙi. In aji ya koyi kalma 5 kowace rana, kwana 5 a mako, mako 36 a shekara, an sami 900. A shekara 6 na sakandare an sami 5,400. In aka ɗora su a kan 2,000 na tushe, yaron Bagwai ya kusa isa inda ake so. Yau da gobe, in ji Hausawa, ita ta sa allura ginin rijiya.

ABIN DA YA SA FASSARA KAƊAI BA TA ISA BA

Yawancin yara sukan ja layi a tsakiyar shafi, Turanci a hagu, Hausa a dama, kalma ɗaya a kan kalma ɗaya. Wannan yana da amfani a farko, ga abubuwan da ake gani da ido, kamar doki da tebur. Da an shiga Turancin takarda sai ya fara yaudara, domin kowane harshe da inda yake yanka gonarsa.

A ɗauki maganar aro. Bahaushe ya raba ta bisa ga abin da za a mayar. In ka karɓi fartanya, ita ɗin za ka mayar, wannan aro ne. In ka karɓi tiyar gero ko kuɗi, madadinsu za ka mayar, wannan rance ne. Bature bai damu da wannan ba, shi abin da ya duba shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa. Mai bayarwa shi ke yin "lend", mai karɓa shi ke yin "borrow", ko fartanya ce ko kuɗi. Saboda haka yaron da ya rubuta "aro" a gaban kowace ɗaya ba zai daina cakuɗa su ba, sai ran da aka bayyana masa cewa ɗaya bayarwa ce, ɗaya karɓa.

Haka kalmar "ji". Da ita muke jin magana, da ita muke jin sanyi, da jin wari, da jin daɗin miya, da jin Larabci. Turanci ya ware wa kowane kalmarsa: "hear", "feel", "smell", "taste", "understand". Ta ɗaya gefen kuma, kalmar Turanci guda tana iya ɗaukar ma'ana biyu da ba su haɗa hanya ba. "Interest" sha'awa ce a wani wuri, a takardar banki kuwa kuɗin ruwa ne.

Kalmomin da muka aro su ma suna da tarkonsu, domin kama da Wane ba Wane ba ne. Mu a Hausa in mun ce dam, muna nufin ginin da ruwan duka, har mukan ce an kama kifi a dam. A Turanci "dam" shi ne bangon da ya tare ruwan kawai, ruwan da ya taru a bayansa kuwa "reservoir" ne, hanyar da aka gina ta kai shi gona ita ce "canal". Bariki daga "barracks" ta fito, watau mazaunin soja, amma kowa ya san inda ma'anarta ta kai a bakinmu. Hattara kuma da kintace. An daɗe ana cewa boko daga "book" ya fito, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na ainihi ba.

YADDA AKE GINA BAYANI

Malaman Manɗiƙi sun daɗe da tsara wannan, sun ce cikakken bayani yana da ƙafa biyu: a faɗi jinsin abu, sa'an nan a faɗi abin da ya raba shi da 'yan'uwansa. In aka ce rijiya rami ce, an faɗi jinsi, amma kabari ma rami ne. In aka ƙara da cewa mai zurfi, wanda ake haƙawa don a sami ruwa, an raba ta da sauran ramuka. Malami ya fara koya wa yara wannan da Hausa, da abubuwan da suka sani: rumbu, da kasuwa, da gayya, da jinga. In hannunsu ya faɗa, sai a koma Turanci mai sauƙi, a ce su bayyana "tenant" ko "witness" ko "drought" ta wannan hanya, jinsi tukuna sa'an nan bambanci.

Sharuɗɗa uku ne za a tsare. Kada a bayyana kalma da ita kanta ko da 'yarta. Kada bayani ya fi kalmar wuya. Kada kuma a bar bayani ba misali, misalin kuwa ya fito daga duniyar yaron. Jimlar da ta ambaci kasuwar Bichi ko damina ko kakar gyaɗa ta fi zama a kai bisa ga wadda ta ambaci dusar ƙanƙara.

SAIWA DA RASSA

Akwai wata gajeriyar hanya wadda almajirin Larabci ya riga ya sani. Wanda ya gane baƙaƙe uku na kaf da ta da ba, ya gane dangantakar kitabu da katibi da maktaba. Turancin takarda shi ma haka yake, dalili kuwa yana cikin tarihi. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da na shari'a shekaru aru-aru, Latin kuma shi ne na addini da na ilimi. Daga baya masana suka yi ta aro daga Latin da Girkanci. Shi ya sa Turanci yake hawa hawa: "ask" ta gida ce, "question" ta fi ta nauyi, "interrogate" kuwa ta ɗan sanda ce da mai bincike. Mu ma muna da irin wannan, domin mutuwa da rasuwa da wafati abu ɗaya suke nufi, amma kowace da wurin faɗinta.

Saiwar "port" a Latin ɗauka take nufi. Daga gare ta aka sami "import", shigo da kaya, da "export", fitar da su, da "transport", kai su daga wuri zuwa wuri, da "portable", abin da ake iya ɗauka, da "porter", ɗan dako. Saiwa ɗaya, kalma biyar. Ɗafa-goshin "re" yakan nuna maimaici, "mis" kuskure, "pre" kafin, "post" bayan. Ɗafa-ƙeyar "er" takan nuna mai aikatawa, kamar "ma" ɗinmu na manomi da maɗinki, "ee" kuwa wanda aka yi wa. Saboda haka "employer" shi ne mai ɗaukan ma'aikaci, "employee" shi ne wanda aka ɗauka, "payer" mai biya, "payee" wanda za a biya. Akawun da ya riƙe wannan ba zai rubuta suna a gurbin da ba nasa ba.

Amma saiwa jagora ce, ƙamus shi ne alƙali. "In" yakan kore ma'ana, sai ga "inflammable" tana nufin abu mai saurin kama wuta, "invaluable" kuma abu mai darajar da ta wuce ƙima. Wanda ya yi kintace a kan ta farkon a jikin jarkar fetur yana iya rasa ɗakinsa.

SHAWARA GA MALAMAI

Kowane yaro ya keɓe littafi guda don kalmomi. Kowace kalma a ba ta gida biyar: ita kanta, da jimlar da aka tsince ta a ciki, da bayaninta da Turanci mai sauƙi, da takwararta ta Hausa in akwai, da sabuwar jimla wadda yaron ya ƙirƙira da kansa. Gida na biyar shi ne ma'auni. Wanda ya haddace bayani amma ya kasa sa kalmar a jimla, ya sayi fartanya ne bai san noma ba.

A zaɓi kalmomi daga abin da ake karantawa a ajin, da littafin kimiyya da na tarihi da tsofaffin takardun jarrabawa. Bin ƙamus daga shafin farko zuwa na ƙarshe ɓata lokaci ne, haka nan farautar dogayen kalmomi don burga. Mun san akwai masu ganin gwaninta ita ce a yi Turancin da ba mai ganewa. Mai duba jarrabawa kuwa kalmar da ta dace yake ba maki, ko da gajeriya ce.

A riƙa biyawa. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa yawancin mantuwa a kwanakin farko take aukuwa, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Kalmar da aka koya ran Litinin a tambaye ta ran Talata, a sake ran Juma'a, a sake bayan mako biyu, a sake a ƙarshen zango. Ba a bukatar kuɗi don wannan. Kwalin da aka yar a kasuwa in an yanka shi ƙanana, kalma a gaba bayani a baya, ya isa yara biyu su riƙa tambayar juna a gindin bishiya. Ga shi mun komo ga biyawar zaure.

A koyar da kalma tare da abokan tafiyarta. Bahaushe yana shan iska, yana shan wahala, yana cin bashi, yana cin kasuwa, ba mai juya su. Bature shi ma "make" yake sa wa "mistake", "pay" yake sa wa "attention", ba a kuwa gane wannan da hankali, sai an gani a ƙamus ko a littafi. Daga ƙarshe, a sa yara karatu mai yawa na littattafai masu sauƙi, domin kalma ba ta zama ta mutum sai ya gamu da ita sau da yawa a wurare dabam dabam. Makarantar da ba ta da laburare tana iya farawa da akwati guda.

SHAWARA GA AKAWUNA

Turancin ofis bai da yawa, amma kowace kalma a cikinsa tana da haƙori. "Suspend" dakatarwa ce ta ɗan lokaci, "dismiss" kora ce, "retire" ritaya ce, "resign" kuwa mutum ne ya ajiye aiki da kansa, kuma hakkin ma'aikaci ya bambanta a kowace. "Acknowledge" a takardar ofis tana nufin an shaida takarda ta iso, "recommend" an ba da shawara a yi, "approve" ita ce an yarda. Mutum nawa ne suka koma gida da murna don an ce musu an amince, alhali kuwa takardar cewa kawai ta yi an karɓa? A harshen doka "shall" tilas ce, "may" kuwa izini ne. "Biannual" sau biyu a shekara, "biennial" sau ɗaya a shekara biyu, harafi kaɗan ne tsakaninsu amma bambancinsu ninki huɗu ne.

Saboda haka muna ba kowane ofis shawara ya ajiye ƙamus a kan tebur, inda hannu zai kai, ya kuma buɗe littafin kalmomin da suke yawan zuwa a takardunsa, tare da bayaninsu da Hausa, don sabon ma'aikaci ya gada. Duba ƙamus a gaban jama'a ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

Hausa tana nan a matsayinta, ita ce ma tsanin da za a taka, domin wanda ya iya rarrabe aro da rance a harshensa ya riga ya san yadda ake rarrabe ma'ana. Abin da muke roƙo ga hedimastoci da malaman Turanci na Bagwai da sauran ƙauyukan Kano shi ne minti goma a kowace rana, da kalma biyar, da littafi guda a hannun kowane yaro. In aka fara da ajin farko na sakandare a wannan zango, aka riƙe ba fashi, yaran nan za su shiga ɗakin jarrabawa suna jin abin da aka tambaye su, su kuma karanta wa iyayensu takarda yadda take. Allah ya ba da iko.